Wai a shimfiɗe yake?

Injiniya: Salamu alaikum. Wallahi zauren nan ya ishe ni. A turo canjin riyal, kowa ya farka. Na kawo ilimi jiya, shiru kamar an aiki bawa garinsu. To ga shi kuma. Akwai tsohon haske da ya cika sararin samaniya, ya taso shekara kusan 380,000 bayan farkon sararin. Masana kimiyya Penzias da Wilson suka sanar da shi a 1965 a Amurka, da farko ma sun zargi kashin tattabarun da ke cikin eriyarsu. Hasken na da tabo-tabo na zafi da sanyi, kuma lissafi ya ba da ainihin girmansu. Da sararin a lanƙwashe yake, da an hango su sun ƙaru ko sun ƙanƙance. Tauraron ɗan adam na Planck da aka harba a 2009 ya auna girman tabon, wajen digiri ɗaya, daidai da lissafin sarari shimfiɗaɗɗe.

Ustaz na Madina: Allahu Akbar! Sai yanzu suka yarda a shimfiɗe take? "Wa ilal ardi kaifa suɗihat."

Injiniya: Malam, ba ƙasa nake nufi ba, sararin da taurari ke ciki. Wato alwatika komai girmanta, kusurwoyinta digiri 180 za su bayar.

Ustaz na Madina: Da bakinka ka ce shimfiɗaɗɗe. Kada ka janye.

Abu Hafsa: Allah gafarta Malam, Ibn Hazm da Ibn Taimiyya duk sun ce ƙasa kewayayya ce.

Ustaz na Madina: Kai da ko ajin koyon Larabci ba ka gama ba?

Abu Hafsa: Na gama tun bara, Malam.

Hajiya ta Makka: Ni dai ku faɗa min, me ya sa muna magariba a Harami jikokina a Kano suna ce min da sauran rana?

Baban Ummi: Hajiya, wannan ai agogo ne, awa biyu ce tsakani.

Hajiya ta Makka: Agogon ne ya riƙe ranar, ɗan nan?

Baban Ummi: Ku 'yan Makka komai sai kun nuna kun riga mu zuwa.

Injiniya: Jama'a, hasken fa?

Shugaban zaure: Ya isa. A taƙaice, Injiniya ya kawo binciken Turawa da ya gaskata maganar Ustaz, yara kuma suka yi wa malami rashin kunya. Abu Hafsa, ka ba da haƙuri. Mai sabunta takardar iƙama ya same ni ta gefe.

Abu Hafsa ya fita daga zauren.