Fumfuna ta kama tsohuwar rigar kakanmu, na rasa yadda zan yi

Salam jama'a, don Allah masu ilimin adana tsofaffin tufafi ku taimaka min. Rigar marigayi kakanmu ce, saƙar hannu, auduga mai rinin baba, da aikin farin zaren alharini a wuya da aljihu, ta haura shekara 70 a duniya. Kuskurena shi ne na naɗe ta a leda na sa a akwati, da na buɗe sai ga fumfuna fari-fari da ɗige-ɗige ruwan ƙasa, ga warin danshi.

Na shanya ta a inuwa kwana 3, na bi ta da burushi mai laushi, farar ta ragu amma tabon yana nan daram. Sai na gwada jiƙaƙƙiyar auduga a can gefen ƙasa, wallahi nan take shuɗin ya fara zuba har ya ɓata zaren aikin, dole na tsaya. Abin da ya fi tayar min da hankali, alharinin yana tsinkewa daidai kan layin ninki ko da yatsa na taɓa.

Shin akwai hanyar kashe fumfunar nan gaba ɗaya ba tare da ruwa ya taɓa rigar ba? Na gode.