Ƙarin garanti a kan kwamfutar tafi-da-gidanka: abin da na tsinta

Ƙanwata za ta sayi kwamfutar karatu, mai shago ya ce ta ƙara kuɗi a tsawaita mata garanti zuwa shekara 3. Na kai maganar majalisarmu, inda muke da masu gyara biyu, aka yi ta kai-komo har kiran isha'i.

Abin da suka fi nanatawa shi ne a karanta takardar kafin a biya. Sabuwar HP, Dell ko Lenovo yawanci da garantin shekara 1 take zuwa, kuma lahanin ƙira kaɗai yake ɗauka. In shayi ya zube a kan madannai, ko ta suɓuce allon ya tsage, ba ruwan kamfani, sai in tsarin ya haɗa da hatsari, irin AppleCare+, ƙarin garantin da kamfanin Apple ke sayarwa. Ɗaya mai gyaran ya nuna mana wata kwamfuta da ta ƙone lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, har yanzu tana ƙauri. Ya ce garanti na yau da kullum ba ya biyan wannan, gara a sayi na'urar daidaita wuta.

A kuma tambayi inda za a kai gyaran. Garantin da sai an aika kaya Legas ko Dubai, ɗaliba ba za ta iya jiransa ba ana tsakiyar jarrabawa.

Inda suka yarda a biya: kwamfuta mai tsada, siririya, wadda aka liƙe mata kayan ciki, domin in ta lalace dukan allon cikin da ke ɗauke da kayan ake canzawa. Ta ƙanwata mai sauƙin kuɗi ce, sai na ce ta ajiye kuɗin don batir.