Wa ya taɓa shiga cocin Saint-Denis da ke kusa da Paris ya ga gilasan tagogin nan masu launi?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ina cefane a kasuwar Saint-Denis ban taɓa leƙa cocin nan ba sai ranar Talata da ruwa ya kore ni ciki. Ruwan na tsayawa rana ta fito, wallahi sai ga shuɗi da ja sun zubo a ƙasa har kan takalmina, na kasa tafiya. Akwai wanda ya san tarihinsa?

Malamar tarihi: Wa alaikumus salam ƙanena. Da can gidan 'yan zuhudu ne na Kirista, shugabansu Suger shi ya sake gina ɓangaren gabas aka buɗe a 1144, daga nan salon ginin Gotik ya bazu Turai. Dabarar ita ce ginshiƙai da bakan dutse su ɗauki nauyin rufi, to bango ya huta sai a mayar da shi taga. Ni na kai ɗalibai sau biyu, kullum sai na nuna musu hoton Suger ɗin kansa ɗan ƙarami kwance a ƙafar Maryamu cikin gilas.

Baban 'yan biyu: Ni fa da farko na yi ɗari-ɗari da shiga, amma babu wanda ya tambaye ni komai. Shuɗin nan ne ya tsaya min a rai, sak rinin baba na Ƙofar Mata in an ɗaga zane a rana.

Malamar tarihi: Da sinadarin kobalt suke haɗa shi tun gilas na narke, ba fenti ba ne. Sai dai yawancin abin da kuka gani na ƙarni na 19 ne, na asali kaɗan suka tsira bayan juyin juya halin Faransa, a 1793 ma kaburburan sarakunan Faransa aka tone aka zuba gawarwakin a rami.

Yar Damagaram: Abin da ya dame ni ke nan anti, na biya kuɗi na shiga wajen kaburburan ashe ba gawarwakin a ciki, jikina ya yi sanyi. Kuma da yamma na je ga hadari, gilas duk ya yi duhu ban ga abin da kuke faɗa ba.

Ɗan Maraɗi: Ki koma da hantsi ranar da gari ya washe, tagogin Suger gabas suke kallo. Jirgin Metro layi 13, tashar ma sunan cocin gare ta.