Wa ya ɓarar da kofin 1983, Hakeem ko kocinsa?

Ɗan Fagge: Jama'a, ga magana. Ranar 4 ga Afrilu 1983, a wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, NC State ta doke Houston 54 da 52. Har gobe wasu na ɗora wa ɗan wasan Houston Hakeem Olajuwon laifi, wai ya bar gindin kwando har Lorenzo Charles na NC State ya dankara ƙwallon ƙarshe. Ni kam kocin Houston Guy Lewis nake tuhuma. Yaron da ya ci maki 20, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 18, me kuma ake nema a wurinsa?

Mai Usur: Malam, ka dubi daƙiƙun ƙarshe da kyau. Dereck Whittenburg na NC State ya yi jifa daga wajen mita tara, ƙwallon ba ta ko kai bakin ƙarfe ba. Aikin dogon ɗan wasa a nan ɗaya ne: ya juya, ya sa bayansa a ƙirjin abokin hamayya, ya tare masa hanya. Hakeem ya tsaya yana bin ƙwallo da ido, Charles yana ƙarƙashin raga ba mai taɓa shi.

Yar Zariya: Yaya Mai Usur, ai doka ce ta ɗaure masa hannu. Ƙwallon da ta fara gangarowa tana shirin shiga, in ka taɓa ta an ba su makin. Daga inda yake, ya za a yi ya san za ta gaza? Kuma wannan yaro ne da ya tashi a Legas yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa da buga ƙwallon hannu, sai da ya girma ya fara kwando. Ya sauka Houston a 1980, shekarar farko ma bai buga ba.

Mai Usur: Ƙanwata, tare mutum ba ya bukatar taɓa ƙwallo.

Ɗan Fagge: To mu koma baya. An tafi hutu Houston na baya 33 da 25. Suka dawo suka ci 17, NC State ta ci 2 kacal, ya zama 42 da 35. A daidai nan Lewis ya ce a baje fili a riƙa jan lokaci. Lokacin babu agogon da ke tilasta jifa, don haka doka ta yarda. Amma ƙungiyar da ta zuba wa Louisville maki 94 da gudu kwana biyu kafin nan, ka ce ta tsaya tana miƙa ƙwallo? Ya bar ƙarfinsu ya kai su inda suka fi rauni.

Tsohon Koci: Ɗana, ba haka kawai ya yi ba. Albuquerque, garin da aka buga wasan, na kan tudu, kusan mita 1,600, iska ba ta isar huhu. Hakeem sai da aka sa masa iskar oksijin a benci. Clyde Drexler na Houston kuma ya tara laifi huɗu tun kafin hutu, saura ɗaya a kore shi. Da wa za ka yi gudun?

Yar Zariya: Baba, gaskiya ne, amma raunin da Malam ke nufi layin jifan laifi ne. 'Yan Houston sun samu 19, suka ci 10. Kocin NC State Jim Valvano ya gane haka, ya sa yaransa su riƙa yin laifi da gangan. Tsarin kuwa, in ka ɓarar da jifan farko babu na biyu. Ana 52 da 52, saura kamar minti ɗaya, suka zaɓi ɗan aji ɗaya Alvin Franklin, ya ɓarar, ƙwallo ta koma hannunsu.

Mai Usur: Na yarda da wannan. Ban janye batun tarewa ba dai.

Ɗan Fagge: Su kansu masu zaɓen gwarzon gasar Hakeem suka ba, duk da an ci su. Tun daga ranar ba a sake ba ɗan ƙungiyar da ta sha kashi ba.

Tsohon Koci: Wannan yabo ne ga Hakeem, bai tabbatar da laifin Lewis ba. A wasan ƙarshe na 1984 a Seattle ba wani jan lokaci, Georgetown ta Patrick Ewing ta ci su 84 da 75. Wannan kuma wa za ku ɗora wa?