Tsohuwar hanyar Safari da tsofaffin motoci: wa ya taɓa bin ta?

Ɗan Nairobi:
Assalamu alaikum. Masu tsofaffin motoci a nan Kenya kan haɗa ayari su bi wani yanki na hanyar da tseren motoci na Safari ya bi a da, ba don gasa ba. Wasu abokan aikina na shirin zuwa tsaunukan Taita, sun ce akwai kujera idan ina so. Duk wanda ya taɓa irin wannan tafiya, ko ya ga tseren da idonsa, don Allah ya ba mu labari.

Baba Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ina karatu a Nairobi a shekarun 1970, lokacin da Safari yake Safari. An fara shi a 1953 don bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, yana ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika (wadda yanzu take cikin Tanzaniya). A hutun Ista ake yinsa, daidai saukar damina, kuma garin nan kaf sai ya koma maganar mota. Mukan tafi gaban babban zauren taro na Kenyatta mu ga ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, sannan mu kwana kunne na jikin rediyo.

Abin da yaran yanzu ba za su gane ba shi ne ba a rufe hanya. Direba na gudu, ga motar haya, ga shanun Masai, ga mai keke, dare da rana, kusan kilomita dubu biyar. A 1963 mota bakwai kacal suka kai ƙarshe, haka kuma a 1968, kuma duk shekarun biyu Peugeot 404 ce ta zo ta ɗaya. Sunan da na fi ji a bakin mutane shi ne Joginder Singh. A 1965 shi da ɗan'uwansa Jaswant suka ci da Volvo ta hannu wadda suka gyara da kansu, ya sake ci a 1974 da 1976. Talaka na son mutumin nan, domin ya nuna cewa sanin hanya da iya gyara suna iya kayar da kuɗin kamfani. Ka je, ɗana. Idan ka ga dattijo a bakin hanya, ka tsaya ka gaishe shi, zai nuna maka kwanar da motoci suka sha kifewa.

Maman Hanif:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni na yi Taita ɗin da kaina, a Datsun ta maƙwabtanmu, kuma ni aka ba littafin hanya. Ba taswira ba ce. Kowane layi zanen mahaɗa ne da kibiya da nisan da ke tsakaninta da ta gaba, kai kuma kana faɗa wa direba. Daga Voi aka fara hawa wajen Wundanyi, jar ƙasa, kwana kan kwana, gefe guda rami. Hazo ya sauko har ba ma ganin motar gabanmu. Shawarata ga ƙanena: idan kana jin jiri a mota kada ka karɓi littafin, kuma ka tafi da rigar sanyi. Kada zafin Mombasa ya ruɗe ka, saman dutsen daban ne.

Usta Kakuri:
Ban bi Taita ba, amma na yi rakiyar wani ayari a matsayin makanike wajen Kajiado da Magadi, lokacin da nake aiki a can. Rabin rayuwata a ƙarƙashin Fijo na yi ta a Kaduna, saboda haka da na ga 504 a cikin ayarin sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu. Mutane da yawa a gida ba su san cewa a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar ce Ove Andersson ya ci Safari da 504 ba. A Kenya ma an daɗe ana harhaɗa ta, don haka kayan gyaranta ba sa wuya.

Abin da ke kashe tsohuwar mota a hanyar nan ba gudu ba ne. Girgizar burji ce. Tana kwance noti, tana cinye shokazoba, tana tsaga ƙafar lagireto. Sai ƙura mai laushi da ke shiga kafireto. Kowace yamma kafin a ci abinci nakan bi motoci da sifana, in buɗe matatar iska in kakkaɓe. Mota ɗaya ta yanke fanbel, ɗaya salansa ta faɗi muka ɗaure da waya, kuma duka suka koma gida da ƙafarsu. Motar zamani idan kwamfutarta ta ƙi a dajin nan, sai janwe. Ku riƙe taya biyu na safaya, fanbel, fulogi, igiyar ja, da katako mai faɗi na ɗora jak.

Ɗan Nairobi:
Na gode, Usta. Tafiyar tasu ta faɗo lokacin ruwa. Matsala ce?

Usta Kakuri:
Jar ƙasa da sauƙi. Baƙar ƙasar nan ta fadama ita ce abin tsoro, idan ta sha ruwa tana kama taya ta cika madigadin gaba ɗaya. Kada mota biyu su shiga tare. Ɗaya ta haye, sannan ta biyu.

Alhaji Mai Shayi:
Ni ɗan kallo ne kawai. Harkar ganyen shayi ce ta kai ni Mombasa a 2011, na tarar ana shirin Safari Classic, wanda aka faro a 2003 bayan an cire Safari daga gasar tseren motoci ta duniya. Wannan gasa ce ta gaske, kwana da kwanaki har cikin Tanzaniya. A shekarar Björn Waldegård ne ya ci da Porsche 911, mutumin da ya ci ainihin Safari sau huɗu, ga furfura amma ƙafa ba ta saki totur ba. Sai dai in faɗi gaskiya, Baba, abin ya zama na masu hali. Kowace mota da ayarin makanikai a bayanta. Irin Joginder da motar hannu ba shi da wuri a nan.

Baba Malami:
Maganarka haka take, Alhaji. Shi ya sa na fi ganin darajar ƙananan ayarin nan. Tseren da ya dawo gasar duniya a 2021 a kewayen Naivasha ake yinsa, a rufaffun hanyoyi gajeru, yawanci cikin gandun daji da gonaki masu shinge. Ya fi tsaro, ban musa ba. Amma tsohuwar hanyar kwalta na cinye ta kowace shekara, kuma in ba waɗannan masu tsofaffin motoci ba, babu mai bin ragowarta da sunan Safari.

Maman Hanif:
Na manta abu ɗaya. Ku rage gudu sosai idan za ku ratsa ƙauye. A wani wuri wata mota a ayarinmu ta tayar da ƙura kan matan da suka shanya masara, shugaban tafiya ya tsayar da kowa, muka koma aka ba su haƙuri. Ƙa'idarsu ita ce kowa ya lura da motar bayansa a madubi, in ta ɓace ka tsaya. Man fetur kuma ku cika tanki a Voi.