Tsohon layin dogo na Jos: me ake dubawa kafin a taka gada?

Malamin makaranta, Jos: Assalamu alaikum. Ɗalibai na son a kai su ganin tsohon layin dogo. Waɗanda suka san aikin, a ina za a fara, kuma me ya kamata a kiyaye?

Tsohon ma'aikacin reluwe: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara raba musu layukan, don mutane na cakuɗa su. Na farko shi ne ƙaramin layin Zariya zuwa Bukuru, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda aka kammala a 1914 saboda kuza, aka rufe a 1957. An kwashe ƙarfensa tuntuni, sai dai tudun hanyar da ragowar ginshiƙan gada a wasu wurare. Kan jirginsa kuwa yana gidan tarihi na Jos, can ya kamata ku fara. Na biyu ya taso daga Kafanchan ya iso Jos a 1927, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. A Kuru ne reshen Bauchi, Gombe da Maiduguri ya rabu, aka gama shi a 1964. Ku sa yara su goge gefen dogo da buroshin waya, sau da yawa sunan masana'anta da shekarar da aka ƙera shi suna nan a jiki.

Injiniyan gine-gine, Bukuru: Baba ya gama magana kan tarihi. Ni gada ce damuwata. Ba tsufa ke kashe ta ba, ruwa ne. Kwalbati ya toshe da yashi da leda, ruwan Agusta ya rasa hanya, sai ya ci ƙasar da ke bayan ginin bakin gada. Daga sama za ka ga dogo a miƙe lafiya lau, alhali ƙarƙashinsa rami ne. Saboda haka a sauka ƙasa tukuna. A duba gindin ginshiƙi ko ruwa ya kwashe ƙasarsa, a duba tsagewa a jikin dutse ko siminti, sannan inda ƙarfen gada ya zauna kan ginshiƙi, don nan laka ke taruwa tsatsa ta ci. Idan tsatsar na ɓarewa falle-falle, kada kowa ya hau.

Mai walda: A ƙara da noti. Inda dogo biyu suka haɗu akwai farantin ƙarfe a kowane gefe, yawanci da noti 4. Su ɓarayin ƙarfe ke fara kwancewa. Ka buga da guduma: mai ƙarfi zai yi ƙara tas, wanda ya saki kuwa sai ka ji ɗif. 'Yar tazarar da ke tsakanin dogayen ba lalacewa ba ce, an bar ta ne don ƙarfe na miƙewa da zafi.

Tsohon ma'aikacin reluwe: Haka ne, ɗana. Katakon kan gada ma gara na cinye cikinsa ta bar bayan sumul, sai an soka ƙarfe ake ganewa.

Malamar jinya: Malam, don Allah a je da rani, da takalmi rufaffe, saboda macizai na son ƙarƙashin tsakuwa da ciyawa. A nisanta yara daga kududdufan kuza na wajen Bukuru, zurfinsu ba ya nunawa. Kuma a sanar da ma'aikatan tasha kafin a hau layi, kada a ɗauka babu abin da ke bi.