Wa ya taɓa ɗaukaka ƙara kan hukuncin kisa?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Watan jiya babbar kotu ta yanke wa ƙanena hukuncin rataya a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Final Kod (dokar manyan laifuka), wanda ya shafi kisan kai. Babbar hujjarsu takardar amsa laifi ce da ya dangwala wa yatsa bayan kwana huɗu a hannun 'yan sanda. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya yi.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kawo mafita. Ki fara ƙirga kwanaki, 90 ne kacal daga ranar hukunci. Mu mun ɓata wata biyu muna jiran kawu ya sayar da gona. Sai kuma haɗa kundin shari'a, kullum "ku dawo jibi", har damina ta zagayo.

Yaya Talatu: Ƙanwata, da wane yare ya yi bayanin? Ɗana da Hausa ya yi, wani ɗan sanda ya juya shi Turanci, kuma ba a taɓa kiran tafintan nan ya shiga akwatin shaida ba. Nan lauyanmu ya kafe. Alƙalai uku suka ce takardar ji-ta-ji-ta ce, suka jefar da ita. Da aka cire ta ba abin da ya saura sai wata wuƙa da ba wanda ya gani a hannunsa. Shekara bakwai ya yi. Ranar da ya fito ko shayi ya kasa riƙewa, hannu na rawa.

Malam Idi: Mu kam faɗuwa muka yi. Mai gabatar da ƙara ya danne bayanin wani mai shayi da ya ce yayana na wurinsa daren da abin ya faru. Ga dukan da ya sha, amma lauyanmu na farko bai ce uffan ba lokacin da aka miƙa takardar, don haka ba a yi ƙaramar shari'ar da ake yi don gano ko tilasta shi aka yi ba. Kotun ɗaukaka ƙara kuwa kundi take karantawa. Suka ce mun makara. Yanzu muna Kotun Ƙoli, can kwana 30 ake bayarwa.

Maman Hanifa: Yaya, da Hausa ya yi wallahi! Ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Gobe da sassafe ina ofishin lauya, ya duba min ko tafintan ya ba da shaida.